Ku Tambaya Mu Amsa: Hutun Ƙarshen Mako da Tirelar Kwana da Karnuka a Amurka

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda. 'Yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman na kewayen birnin Washington, suna tambaya a kan fita daji daga Juma'a zuwa Lahadi da tirelar kwana, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, da gadonsa da murhunsa da banɗakinsa. Yawancinsu gandun Shenandoah da ke jihar Bajiniya suka nufa, kuma da karnuka a tafiyar. Makanikin tireloli da likitan dabbobi ne suka haɗu suka amsa.

Daga wani mai karatu a Maryland: Assalamu alaikum. A takarda motata tana jan laba 5,000. Tirelar da zan ɗauko haya, idan an loda ta, laba 4,500 ce. Ni da maiɗakina da yara biyu da karnuka biyu za mu tafi. Lissafina ya yi?

Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka da saura. Lambar da ka duba ita ce ta abin da mota ke iya ja. Akwai wata lambar ta abin da take iya ɗauka a kanta, kuma ita ce ke fara cika. Buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, za ka ga an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya. Ga wanda ya saba da kilo, laba 2.2 ne kilo ɗaya.

Abin da mutane ke mantawa shi ne wuyan tirela yana danna bayan mota, kuma wannan dannawar tana cikin kayan da motar ta ɗauka. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙwallon da ake ɗaura ta. A tirelarka, kashi 12 ya kama laba 540. To mu ɗauka takardar ƙofarka ta ce 1,300. Kai da maiɗakinka 340, yara 150, karnuka 130, kejinsu da kular abinci 120, ƙarfen mahaɗin da kansa 80. An kai 820, saura 480. Ka ga wuyan tirelar ya zarce da laba 60 tun ba a sa jakar tufafi ko ɗaya ba, alhali a wancan lissafin naka har rara kake gani.

Mota idan ta yi haka bayanta zama yake yi, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, birki ya ƙara tsawo, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa. Gyaran shi ne ko dai ka nemi ƙaramar tirela, ko ka mayar da kayan cikin mota zuwa cikin tirelar, ko a tafi da mota biyu. Ruwa ma nauyi ne: galan ɗaya laba 8.3, tankin galan 40 kuwa ya haura laba 330. Kada ka tsaya a kan ƙiyasi. Manyan tashoshin mai na masu tirelolin kaya suna da sikelin CAT Scale, kuɗi kaɗan ake biya, ka hau da lodinka yadda za ka yi tafiyar, ya ba ka nauyin tayoyin gaba da na baya da na tirela daban-daban. Idan lissafin ya ƙi, a haƙura da wannan tirelar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga wata mai karatu a Alexandria: Maigidana ne ke tuƙi, amma ni ce mai dubawa kafin mu tashi. Me zan duba? Sannan mun taɓa jin tirelar tana lilo da babbar mota ta wuce mu, gabana ya faɗi.

Hajiya, fara da ƙwallon. Girma uku ake yi: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. An buga girman a kan ƙwallon, an kuma buga a bakin tirelar, dole su zo ɗaya. Bakin inci 2 da 5/16 zai zauna a kan ƙwallon inci 2 kamar ya kama, sai an faɗa rami ya fice. Bayan an sauke bakin an kulle, a sa fil ɗinsa, sannan a murɗa jak a ɗaga kaɗan. Idan bayan motar ya biyo sama, ya kama. Idan bakin ya tashi shi kaɗai, a sake.

Sarƙoƙin nan biyu a gitta su ƙarƙashin wuyan, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, domin idan ya kuɓuce ya faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Akwai wata siririyar waya da ke kama birkin tirela idan ta rabu da mota. Ita a jikin motar ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba, don in sarƙar ta tsinke tare za su tafi. Sai fulogin wuta mai ƙafa bakwai: ki tsaya a baya, maigida ya taka birki, ya ba da sigina dama da hagu, ki gani da idonki. A Bajiniya tirelar da ta kai laba 3,000 wajibi ne ta kasance da birkinta, wanda ke nufin motar na buƙatar na'urar sarrafa shi kusa da sitiyari.

Tayoyin tirela tsufa ke kashe su tun zanensu bai cinye ba, domin zama suke yi a rana. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan kin ga 2319, mako na 23 ke nan na 2019. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida ta cancanci canji ko da tana sheƙi. A auna iska da safe kafin tayar ta ɗauki zafi, a kuma bi notunan da sifana.

Lilon da kika ji kuwa, sau da yawa lodi ne. Idan kaya suka yi yawa a bayan tayoyin tirela, wuyan ya yi sauƙi, sai ta zama kamar jela tana kaɗa motar. Kusan kashi 60 cikin ɗari na kaya a gaban tayoyin ake sa su, masu nauyi a ƙasa. Gudu shi ne na biyu, a tsaya a mil 55 zuwa 60 a awa. Idan lilon ya fara, maigida ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya matsa birkin tirelar da hannu daga na'urar nan. Kada ya taka birkin mota da ƙarfi, kada ya yi ta karkata sitiyari yana bin lilon, wannan ne ke kifar da mutane.

Daga Silver Spring: Ta wace ƙofa zan shiga Shenandoah, kuma wane sansani ya fi?

Titi ɗaya ne ya ratsa gandun a kan ƙashin bayan dutse, Skyline Drive, mil 105, kuma ba a wuce mil 35 a awa. Ƙofofi huɗu ne: Front Royal a arewa, Thornton Gap, Swift Run Gap, sai Rockfish Gap a kudu. Abin lura ga mai tirela shi ne ramin da aka fasa a dutsen Marys Rock, ɗan kudu da Thornton Gap, wanda tsayinsa ƙafa 12 da inci 8 ne. Auna tirelarka da tef tun daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, don ita ce ke fara bugawa. Idan kana kusa da wannan tsayi, zagaya ta Swift Run Gap.

Big Meadows, wajen mil na 51, shi ne tsakiya kuma shi aka fi rububi. Loft Mountain, wajen mil na 80, ya fi girma kuma ya fi kusa da kudu. Ana kama wuri ta shafin intanet na Recreation.gov, kuma na watan Oktoba, lokacin da ganye ke sauya launi, tun watanni kafin nan yake ƙarewa. Babu wutar lantarki ko famfo a filin da za ka ajiye tirela, da batirinka da tankinka za ka rayu, janareta kuma sa'o'i kaɗan aka yarda da shi safe da yamma. Kada ka ɗauko itace daga gida. An hana, saboda ƙwaron da ke kashe bishiyoyi yana ɓoye a ciki, sai dai ka saya a gandun ko ka zo da mai hatimin an gasa shi.

Firjin tirela mai aiki da gas ba ya yin sanyi nan take, yana ɗaukar sa'o'i da yawa. Kunna shi tun daren Alhamis, ka zuba abincin da ya riga ya yi sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan yana son a ajiye tirela daidai wa daida, in ta karkace ruwan da ke zagayawa a bututunsa yana tsayawa, ya lalace. Injin ɗumama ɗaki kuma, ko da gas yake ƙonawa, fankarsa batir take ci, kuma a dare ɗaya mai sanyi tana iya tsotse batir guda. Batir mai ruwa ba a son ya sauka ƙasa da rabi. Bargo mai kauri ya fi.

Daga wani ɗalibi a Baltimore: Karnukan abokin tafiyata biyu ne, manya. Motar ta cika. Za mu iya sa su cikin tirelar a kan hanya, tunda akwai fili?

A'a, ɗan'uwa. Tirela a kan hanya ba ɗakin da ka sani a tsaye ba ne. Jijjigarta ta fi ta mota nesa ba kusa ba, durowa na buɗewa, kaya na faɗowa, ba iska, kuma ba ka ganin abin da ke faruwa. Kare a mota yake tafiya, cikin keji da aka ɗaure, ko da ɗamarar ƙirji da aka haɗa da bel. Kada a ɗaure igiyar wuya da bel, birki ɗaya na iya shaƙe shi. A ba shi abinci kamar awa uku kafin tashi don kada ya yi amai, a tsaya duk bayan awa biyu ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, kuma a sa masa igiya kafin a buɗe ƙofa. A tashar mai karnuka suka fi ɓata.

Shenandoah na cikin 'yan gandunan gwamnatin tarayya da ke sakin hannu ga kare. A yawancinsu sansani da bakin titi ne iyakarsa, a nan kuwa cikin hanyoyin ƙafa fiye da mil 500, ƙasa da mil 20 ne aka hana, ciki har da Old Rag da Dark Hollow Falls da Limberlost. Sharaɗin shi ne igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, a kowane lokaci. Wannan doka don karen ne ma. Akwai beyar baƙa a dajin, kuma karen da aka saki ya bi ta, da ya ji wuya wurin mai shi zai rugo, ita kuma tana biye. Abincin kare da kwanonsa a kulle su cikin mota ko tirela da dare kamar abincin mutane.

Ruwan sha kuwa, lissafinsa mililita 50 zuwa 60 ne ga kowane kilo na nauyin kare a yini. Kare mai kilo 30 yana shan lita ɗaya da rabi zuwa kusan biyu, ranar hawan dutse ya iya ninkawa. Ku ɗauki nasa daga tanki. Kada ya sha kududdufi ko tafkin da ruwansa ya yi kore kamar an zuba fenti, domin akwai gansakukar da ke yaɗo a ƙarshen bazara mai dafin da ke kashe kare cikin sa'o'i.

Kaska ita ce babbar matsalar wannan yanki, don ita ke ɗauke da cutar Lyme, ga kare da mutum duka. Irin ta nan ƙarama ce, wani lokaci ba ta wuce ƙwayar riɗi ba. A ba kare maganin kaska na likita kwanaki kafin tafiya, sannan kowane dare a laluba shi da hannu: cikin kunne, tsakanin yatsu, hammata, ƙarƙashin abin wuya, gindin jela. In an samu, a kama ta da matsefata dab da fata, a ja a miƙe a hankali. Kada a ƙona ta da ashana ko a shafa mata kananzir ko mai kamar yadda wasu suka saba. Yawanci sai ta yini ta kwana a maƙale take watsa cutar, shi ya sa dubawar kullum ke da amfani. Takardar allurar rigakafin ciwon haukan kare ta kasance cikin mota, sansanoni da yawa suna tambaya.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne girkinmu. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe ko gari, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan kwanaki. Don haka ragowar tsire da yajinsa, da miyar da aka soya da albasa, ba na kare ba ne. Haka inabi da busasshensa, da cakulan, da cingam mai zaƙin zailitol, da ƙashin kaza dafaffe, da totuwar masara wadda ke toshe hanji har sai an yi tiyata.

Daga wani ma'aikaci a Washington: Abokan aikina ne suka shirya tafiyar, kuma ranar Asabar da rana za su zagaya ƙananan masana'antun giya na yankin. Ni ba na sha. Karen gadin gidana yana tare da mu. In bar shi a tirela ne, ko me?

Malam, hukuncin zama a irin wannan wuri malamanka za ka tuntuɓa, ba makanike da likitan dabbobi ba. Namu shi ne mu gaya maka yadda wurin yake da abin da zai sami karen.

Inda suka nufa, ga dukkan alamu, hanya mai lamba 151 ce a gundumar Nelson, ƙasa da Rockfish Gap, inda masana'antu irin su Blue Mountain Brewery a Afton da Devils Backbone a Roseland suke. Ba irin mashayar cikin gari ba ce mai duhu. Fili ne da benci a waje, da abinci, da iyalai, da karnuka a ƙarƙashin tebur. Tun 2018 dokar Bajiniya ta yarda a shiga da kare wuraren da aka keɓe a irin waɗannan masana'antu, ban da inda ake sarrafa abin ci da sha, amma kowane gida da tsarinsa, sai a buga waya a tambaya. Daga Loft Mountain zuwa Rockfish Gap mil 25 ne, kusan minti 45. Daga Big Meadows ya haura awa ɗaya da rabi, zuwa kawai.

Kada ka bar karen a tirela. Dokar gandun ta hana a bar dabba ba mai kula, sannan babu wutar da za ta riƙe na'urar sanyaya ɗaki. Ko a sansanonin 'yan kasuwa masu wuta, abin ba tabbas. Turken wutar da ake jona wa tirela, mai amfiya 30, wat 3,600 kacal yake bayarwa, na'urar sanyaya ɗaki na cin kusan rabi, in tukunyar ruwan zafi ta kunna kanta a kai, wuta na iya yankewa, kuma ba wanda zai mayar. Rufaffiyar mota a rana tana ƙara zafin digiri 11 a ma'aunin Salsiyos cikin minti goma, sauke gilashi kaɗan ba ya hanawa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne, in ya kai 41 ransa na cikin haɗari. Alamun su ne haki ba tsayawa, yawu mai kauri, dasashi ya yi jawur, tangaɗi, amai. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi, a sa fanka, a nufi asibitin dabbobi ko da ya farfaɗo. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi.

A wurin masana'antar kuma haɗari biyu ne. Na farko giyar kanta da ke zuba a ƙasa, ko wadda wani mai wasa zai miƙa masa. Kaɗan ta isa ta sauke masa sukari da zafin jiki ta danne numfashi. Na biyu, wanda ya fi muni kuma mutane ba su sani ba, shi ne furen hof da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi. Karen da ya ci shi, ɗanye ko dusar da aka tace aka zubar, zafin jikinsa na iya hauhawa ba ƙaƙƙautawa cikin sa'o'i kaɗan har ya mutu. Wasu gidajen suna shuka shi a jikin shinge don ado, wasu suna tara dusar a bayan gini. Igiya gajera, kuma kada ya je shinshine a bayan gini. Biskit ɗin kare da suke sayarwa na dusar sha'ir ne, ba laifi in an tabbatar ba hof a ciki. Ka nemi lambar asibitin dabbobi na gaggawa a Charlottesville ko Harrisonburg tun kana gida, domin a kan dutsen sabis na waya yana ɗaukewa.

Game da abin sha, a Amurka abin da aka rubuta wa cewa ba mai sa maye ba ne yana iya ƙunsar barasa har kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, haka ma shayin kombuca. Wanda ba ya son ko ɗigo sai ya tsaya a lemo da ruwa da kofi, ya kuma tambayi abin da aka sa a abinci, don ana kwaɓa fulawar suyar kifi da giya, naman alade kuma ya yi yawa a irin wannan kicin. Ka sa rai cewa kai za a miƙa wa makullin mota. Iyakar barasa a jinin direba a dokar Bajiniya kashi 0.08 cikin ɗari ce, kuma hanyar komawa sansani kwana-kwana ce da barewa a bakin titi da magariba. Tirelar a kwance ta a bar ta a sansani, a sa wa tayoyinta waigi gaba da baya kafin a cire ta daga ƙwallo. In kuma ka zaɓi ka zauna, kai da karen kuna da hanyoyin ƙafa da suka tashi daga cikin sansanin kansa.

Daga Columbia: Ranar Lahadi yaya ake zubar da tankunan ƙazanta ba a ɓata jiki ba?

Akwai wurin zubarwa a sansanonin Big Meadows da Loft Mountain da Mathews Arm. A sa safar hannu, a haɗa tiyo da ramin tukuna, sannan da tirela, a danne bakin ramin da ƙafa ko dutse. Tankin banɗaki ake fara buɗewa, in ya gama a rufe, sai na ruwan wanka da wanke-wanke ya biyo baya ya ɗauraye tiyon. Idan tankin banɗakin bai kai kashi biyu cikin uku ba, wanda a kwana biyu da wuya ya kai, a ƙara masa ruwa kafin a buɗe, in ba haka ba ruwan ya gudu ya bar tudu a ciki ya bushe. Tiyon ruwan sha, farin nan, ba ya shiga akwati ɗaya da wannan, kuma ba a ɗauraye komai da shi a wurin. Karnuka su zauna cikin mota da mutum har a gama, don ƙasan wurin ba abin lasa ba ne. Bayan an rufe, a zuba galan biyu na ruwa da maganin tanki ta masai, zai yi ta girgiza a hanya ya wanke bangon kafin a isa gida.